Yadda Ake Amfani da Jinyar Gyaran Tunani da Ɗabi'a Wajen Rage Haɗarin Kashe Kai ga Manya

Shekaru masu yawa likitocin ƙwaƙwalwa sun ɗauki tunanin kashe kai a matsayin ɗaya daga cikin alamomin ciwon damuwa, suna ganin cewa da zarar an magance damuwar tunanin zai gushe da kansa. Zaton bai cika tabbata ba, domin akwai waɗanda damuwarsu ta lafa amma suka sake yunƙurin hallaka kansu, akwai kuma waɗanda ba a taɓa samun su da ciwon damuwa ba, bashi ne ko mutuwar aure ko wani abin kunya ya kai su bakin halaka a dare ɗaya. Wannan ne ya sa Aaron Beck, likitan da ya assasa jinyar gyaran tunani a Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya ta Amurka a shekarun 1960, shi da abokan aikinsa suka tsara wani salo na jinyar, wadda ma'aikatan lafiya suka fi sani da CBT, mai fuskantar yunƙurin kansa gaba da gaba a matsayin matsalar da aka zo magancewa.

A shekarar 2005 Gregory Brown da Beck da abokan bincikensu suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da manya 120 waɗanda aka kai sashen gaggawa bayan sun yi yunƙurin kashe kansu. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rukuni ɗaya ya samu kulawar da aka saba, ɗayan kuma aka ƙara masa zama 10 na wannan jinya. Bayan wata 18, kimanin kashi 24 cikin 100 na waɗanda suka samu jinyar ne suka sake yunƙuri, alhali a ɗaya rukunin adadin ya kusa kashi 42. A 2015 David Rudd da Craig Bryan suka gwada wani salon mai zama 12 da sojoji 152 a barikin Fort Carson da ke jihar Colorado, kuma cikin shekara biyu yunƙurin ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Abin lura a gwajin Brown da Beck na Filadelfiya shi ne, yawan zuwan tunanin kashe kai bai bambanta sosai tsakanin rukunan biyu ba. Tunanin ya ci gaba da zuwa wa mutane, abin da ya sauya shi ne abin da suke yi idan ya zo. A kan wannan aka gina jinyar duka, kuma ma'aikacin da ya riƙe shi ba zai karaya ba idan majinyaci ya ce masa a zama na bakwai tunanin ya dawo.

Bayanin da ke tafe na ma'aikatan lafiya ne da masu ba da shawara waɗanda suka samu horon CBT kuma suke da na gaba da su mai duba aikinsu, ko da yake iyalin majinyaci ma za su amfana da sanin abin da ake yi. Jinyar ba ta maye gurbin taimakon gaggawa. Wanda ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, da wanda ya ce yau zai aikata kuma abin da zai yi amfani da shi yana hannunsa, ba a barinsa shi kaɗai, asibiti mafi kusa ake kai shi nan take, daga nan a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, kamar na asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri.

Yin tambayar da auna haɗarin

Mataki na farko shi ne a yi tambayar a fili. Tsoron da yawancin ma'aikata suke ji, cewa ambaton kashe kai zai cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, an bincike shi sau da dama ba a samu hujjarsa ba. Sau da yawa ma majinyaci sauƙi yake samu idan ya ga akwai wanda zai ji maganar bai firgita ba. Mutanenmu ba kasafai suke furta abin ƙarara ba. Cewa suke yi sun gaji da duniya, ko gara su mutu su huta, ko kuma mutum ya fara bin 'yan uwa yana neman gafara babu wata tafiya a gabansa, yana raba kayansa, yana danƙa amanar 'ya'yansa. Idan aka ji irin wannan, sai a bi ta kansa a hankali: "Malam, ka ce ka gaji da duniya. Mutane da yawa idan abubuwa suka yi musu nauyi haka, tunanin kashe kansu yakan zo musu. Ko kai ma ya zo maka?" A yi tambayar da murya irin wadda ake tambayar barci ko cin abinci, sa'annan a yi shiru a jira.

Dalilan ɓoyewa suna da ƙarfi, kuma wajibi ne ma'aikaci ya san su. Majinyaci ya san addininsa ya haramta abin, yana tsoron a ce imaninsa ya raunana, yana tsoron tabon da zai bar wa gidansu. Ga kuma doka: sashe na 231 na dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko biyan tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, yayin da Ghana ta cire irin wannan hukunci daga dokarta a 2023. Saboda haka tun farko a gaya masa cewa magani aka zo yi, maganarsa amana ce, kuma a faɗa masa iyakar amanar da gaskiya, wato idan rayuwarsa ta shiga haɗari na kusa za a nemi wani nasa, tare da saninsa. Alƙawarin sirri marar iyaka, wanda daga baya za a karya, ya fi ɓata jinya fiye da faɗin gaskiyar tun ranar farko.

Daga nan a auna haɗarin: sau nawa tunanin yake zuwa, har tsawon wane lokaci, ko akwai hanyar da ya tsara, ko abin yana kusa da shi, ko ya fara wani shiri, ko ya taɓa yunƙuri a baya. Yunƙurin baya shi ne alama mafi ƙarfi da aka sani ta haɗarin gaba. A tambayi shan giya da ƙwaya da maganin tari mai bugarwa, da rashin barci, da jin muryoyi, domin wanda ke cikin maye ko ruɗewar hankali sai an fara daidaita shi kafin ya iya aikin tunani. Ma'aunin Columbia, wanda aka tsara don auna tsananin haɗarin kashe kai, yana taimakawa wajen jera tambayoyin, haka ma ma'aunin yanke ƙauna mai tambaya 20 da Beck ya fitar a 1974, bayan ya lura cewa ɗebe tsammani daga gobe ya fi tsananin damuwar kanta alaƙa da niyyar kashe kai. Sai dai babu ma'aunin da ke iya faɗin wanda zai aikata da wanda ba zai aikata ba, don haka ƙaramin maki ba dalili ba ne na sallamar mutum hannu rabbana.

Abin da ba a barin zama na farko ya ƙare ba a yi shi ba

Majinyaci zai iya zuwa sau ɗaya bai sake dawowa ba, saboda haka dole ya fita daga zama na farko da tsarin tsira a hannunsa. Salon da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka wallafa a 2012, kuma rubuta shi yakan ɗauki minti 20 zuwa 45. Ana farawa da alamomin da majinyaci yake gane cewa abin ya taso, da kalmominsa shi, kamar "idan na kashe waya na rufe ɗaki" ko "idan na fara cewa ba ni da amfani". Sai abubuwan da zai yi shi kaɗai don hankalinsa ya kau na ɗan lokaci, irin su alwala da nafila, wanka, tafiya a ƙasa ko sauraron karatu. Idan ba su wadatar ba, sai wurare da mutanen da zama cikinsu kan ɗauke masa hankali ba tare da ya faɗi komai ba, kamar majalisar ƙofar gida, teburin mai shayi, ko ɗakin maƙwabciya. Bayan su sai mutum biyu ko uku da zai iya gaya wa gaskiyar halin da yake ciki, da lambobin wayarsu, sa'annan lambar ma'aikaci da asibitin da ke buɗe da dare. Na ƙarshe shi ne nisanta shi daga abin da zai iya cutar da kansa da shi.

Ingancin tsarin yana ga ƙananan tambayoyin da ake yi a kowane mataki. Idan ya ce zai kira yayansa, a tambaye shi ko yayan yana ɗaga waya da ƙarfe biyu na dare, ko akwai kuɗi a wayar, ko kunya za ta bar shi ya kira, da abin da zai ce idan an ɗaga. Duk matakin da shi kansa yake shakkar zai bi, a sauya shi da wani. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami, ko a naɗi tsarin da muryarsa a wayarsa, kuma a yanke inda takardar za ta zauna, aljihu ko bayan waya ko cikin littafin addu'a. A wani bincike da aka wallafa a 2018 kan tsofaffin sojojin Amurka 1,640 da suka je sashen gaggawa, waɗanda aka rubuta wa tsarin aka kuma bi su da kiran waya sun samu raguwar yunƙuri da makamantansa da kashi 45 cikin 100 cikin wata shida.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, ita ce sa majinyaci ya yi alƙawari ko ya rantse cewa ba zai kashe kansa ba. Rantsuwar tana kwantar da hankalin ma'aikaci ne kawai. Ba ta gaya wa majinyaci abin da zai yi idan dare ya tsala, kuma tana iya sa ya ɓoye dawowar tunanin don kada a ce ya saɓa alƙawari.

Matakin nisanta abin cutarwa ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi kuma shi aka fi tsallakewa. Tsananin sha'awar kashe kai gajeren lokaci yake ɗauka. A wani bincike da aka yi a ƙasar Austriya, kusan rabin mutum 82 da suka tsira sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Ƙasar Sri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi guba a matakai daban-daban, adadin masu kashe kansu ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, kuma yawancin mutane ba su koma wata hanyar ba. A gidajenmu maganin feshi na gona da na ƙwarin ɗaki, da tarin magungunan asibiti, da bindigar farauta ko ta aiki, sukan zauna inda hannu zai kai. Ana tattauna wannan da majinyaci a matsayin shiri na wucin gadi wanda shi ma ya yarda da shi: maganin gona ya koma hannun ɗan uwa a wani gida, ko rumbun da makullinsa ke wajen wani, maganin asibiti a riƙa ba shi na 'yan kwanaki, sauran yana wajen matarsa ko mahaifiyarsa. A ambaci sunan wanda zai karɓa da ranar da za a kai, kuma a tambaya a zama na gaba ko an kai.

Labarin ranar da abin ya faru

Zuciyar jinyar ita ce majinyaci ya ba da labarin yunƙurinsa na ƙarshe, ko lokacin da ya fi kusa da aikatawa, daga farko har ƙarshe. Ana cewa: "Hajiya, ina so ki ba ni labarin ranar, ki fara daga inda kike ganin abin ya faro." Sai ma'aikaci ya riƙe bakinsa, ba ya gyara, ba ya nasiha, iyakarsa ya ce "sai me ya faru?" ko "a lokacin me ya zo miki a rai?" Mutane da yawa wannan ne karon farko da suke ba da labarin ba a katse su da faɗa ko kuka ba.

A ɗauka wani magidanci ne ɗan kasuwa da bashi ya yi wa katutu. Mai bin sa bashi ya zo shago da la'asar ya kira shi macuci a gaban maƙwabta. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne mutuncinsa ya zube, kuma ya zama wa iyalinsa kaya. Ƙirjinsa ya ɗaure, ya rufe shago, bai je masallaci ba don kada a gan shi, ya kashe waya, ya ƙi cin abinci, ya sha ƙwaya don ya samu barci amma barcin bai zo ba, can cikin dare ya yanke cewa babu mafita kuma 'ya'yansa za su fi samun mai taimakonsu idan ba ya nan. Bayan labarin, shi da ma'aikaci za su zana wannan a takarda ɗaya: abin da ya tayar, tunanin da ya biyo, halin zuciya, abin da jiki ya ji, da abin da ya aikata, sa'annan a ƙasa a rubuta tsofaffin abubuwan da suka sa wannan cin fuska ya yi masa illa haka, kamar abin da ya daɗe da ƙudurcewa cewa namijin da ya kasa riƙe gida ba shi da daraja. Beck ya bayyana wannan a matsayin yanayi guda da ke tashi gaba ɗaya, tunani da zuciya da jiki suna ingiza juna, ya yi tsanani sa'annan ya sauka. Kamar rafin da ke cika bayan ruwan sama ne ya janye kafin gari ya waye. Wanda ya san inda ruwan yake bi, ya san inda ba zai tsaya ba.

Amfanin zanen shi ne yana nuna wuraren da za a iya katse abin. A labarin wannan magidanci akwai aƙalla biyar: fassarar da ya yi wa cin fuskar, keɓe kansa, kashe waya, shan ƙwaya, da rashin barci. Daga su ake fitar da jadawalin sauran zaman, don haka jinyar mutum biyu ba ta zama iri ɗaya ko da ciwonsu ɗaya ne.

Tsakiyar jinya

Kowane zama yakan ɗauki kusan sa'a ɗaya, sau ɗaya a mako, kuma yana da tsari tabbatacce. Ana buɗewa da tambayar halin zuciya da tunanin kashe kai tun zaman da ya wuce, da ko an yi amfani da tsarin tsira da yadda ya yi aiki, sai a duba aikin gida, a koyi dabara ɗaya a gwada ta a ɗakin, a ba da sabon aikin gida, majinyaci ya faɗi da bakinsa darasin da ya ɗauka a rubuta.

An fi farawa da jiki, domin wanda bai yi barci ba kuma ƙirjinsa na bugawa ba ya iya muhawara da tunaninsa. Ana daidaita lokacin kwanciya da na tashi, a rage shayi da goro da yamma, a bar kwanciya da waya a hannu, a koyi numfashi a hankali wanda fitarwarsa ta fi shaƙarsa tsawo, da ɗaure gaɓoɓi a sake su ɗaya bayan ɗaya. Sai a mayar da ayyukan da damuwa ta ƙwace, a sa musu rana da lokaci, a fara da ƙanana, kamar buɗe shago na sa'a biyu ko raka yaro makaranta, ba tare da jiran sai zuciya ta so ba.

Aikin tunani shi ne inda ma'aikata suka fi kuskure, domin sukan mayar da shi lallashi. Idan majinyaci ya ce ya zama wa iyalinsa kaya, aka ce masa haba, ba haka ba ne, zai yi shiru don ladabi ya tafi da tunaninsa. Abin da ake yi shi ne a rubuta jimlar kamar yadda ya faɗe ta, a tambaye shi kashi nawa cikin 100 ya yarda da ita, sa'annan a bincike ta tare: mene ne hujjar da ke goyon bayanta, mene ne ke saɓa mata, wa ya taɓa furta masa haka a gidan, me matarsa ta yi ranar da aka kai shi asibiti, kuma da ƙaninsa ne ya shiga wannan bashi me zai ce masa. Amsar da ake nema mai gaskiya ce wadda shi zai yarda da ita, ko da ba mai daɗi ba ce, misali: "Bashin yana nan kuma ya jefa gidana cikin ƙunci, amma 'ya'yana uba suke nema, mutuwata kuwa ba za ta biya ko kwabo ba." A sake tambayar kashi nawa ya yarda da tsohuwar jimlar, sauka daga 90 zuwa 60 ci gaba ne na gaske. Sabuwar amsar a rubuta ta a ƙaramin kati, tsohon tunani a gaba, amsa a baya, ya riƙa karantawa kullum tun hankalinsa na kwance, domin katin da ba a saba da shi ba ba ya tuno kansa a lokacin tsanani. A hankali majinyaci zai fara gane salon tunanin da ke kai shi ƙasa, kamar ganin abu ko fari ko baƙi, yanke hukunci kan gobe kamar ya gan ta, da ɗaukar abin da ya faru sau ɗaya a matsayin abin da zai dawwama.

Ba kowace matsala ce ta tunani ba. Bashi bashi ne, dukan miji duka ne, kuma yi wa mai irin wannan hali maganar gyaran tunani kaɗai rashin adalci ne. Ga mutane da yawa kashe kai ya bayyana ne a matsayin mafita ɗaya tilo daga matsala ta zahiri, don haka ake koyar da warware matsala daki-daki: a fayyace matsala ɗaya, a jero duk hanyoyin da suka zo a rai ba tare da tacewa ba, a auna amfani da illar kowace, a zaɓi ɗaya, a raba ta ƙananan matakai, a gwada, a dawo a duba. Magidancin can zai iya neman dattijon kasuwa ya shiga tsakani a tsara biya kaɗan-kaɗan. Matar da ake duka kuwa, tsaron lafiyarta da wanda zai tsaya mata a danginta ko a hukuma shi ne aikin farko.

Ana kuma tattara dalilan rayuwa. Majinyaci zai jero abin da ya riƙe shi har yau, sa'annan ya haɗa abubuwan da ke tuna masa su a ƙaramin akwati ko a wayarsa, kamar hoton 'ya'ya, saƙon muryar mahaifiya, takardar sakamakon yaro, ko ayar da ke sanyaya masa rai. Ga yawancin majinyatanmu imani ne babban dalili, amma yadda ake taɓa shi yana da muhimmanci ƙwarai. Tsoratarwa da azaba ba ta ƙara masa ilimin da ba shi da shi, tana ƙara masa jin cewa shi mai laifi ne da aka yi watsi da shi, wanda kuwa shi ne tunanin da ake yaƙa. Abin da ya fi amfani shi ne ɓangaren rahama, kamar aya ta 53 ta Suratuz Zumar da ke hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, da tuna masa cewa Nana Maryam da kanta, a aya ta 23 ta surar da ke ɗauke da sunanta, ta yi fatan da ma ta mutu kafin abin da ya same ta. Majinyaci Kirista kuma ya san labarin Annabi Iliya da ya roƙi mutuwa a jeji, aka ba shi abinci da barci. Ma'aikaci ya bar majinyaci ya zaɓi abin da ke yi masa magana, kuma idan za a sa malami ko fasto a cikin tsarin, a zaɓi wanda ya fahimci cewa rashin lafiya ce, ba zai hana zuwa asibiti ko shan magani ba.

Gwajin da ke nuna an gama

Ƙarewar adadin zama ba ita ce ƙarewar jinya ba. A zama biyu ko uku na ƙarshe ana yin wani gwaji wanda ma'aikata da yawa suke jin nauyinsa, amma shi ne hujjar cewa dabarun sun zauna. Da farko a bayyana wa majinyaci abin da za a yi da dalilinsa, a nemi yardarsa, a gaya masa zai iya tsayarwa duk lokacin da ya so. Sai ya rufe ido ya sake bin ranar yunƙurin kamar yanzu take faruwa, da wurin da muryoyin da abin da ƙirjinsa ya ji, har ya kai inda abin ya yi tsanani. Karo na biyu ya sake bin labarin, amma a kowace mahaɗa ya faɗi dabarar da zai ɗauko da yadda zai yi ta: a nan zan fita ƙofar gida, a nan zan ɗauko katin, a nan zan kira yayana in ce masa ya zo. Karo na uku a ƙirƙiro wata matsala da za ta iya zuwa nan gaba, kuma ma'aikaci ya riƙa tsananta ta da gangan, ya ce yayan bai ɗaga waya ba, ko an bar katin a wata rigar, don a ga ko majinyaci zai iya sauya dabara.

Bayan kowane gwaji a ba da lokaci hankalinsa ya dawo, a tambayi tunanin kashe kai a fili, a duba tsarin tsira, kada ya fita sai ya natsu. Saboda haka ba a fara gwajin a minti goma na ƙarshen zama. Idan ya kasa fito da dabarun, ko ya faɗe su kamar hadda ba tare da sun sauke masa komai ba, a ƙara zama a koma kan abin da bai zauna ba, sa'annan a sake gwadawa.

Bibiya

Mutanen da suka fi shiga haɗari su ne suka fi fashin zuwa, ko don kuɗin mota, ko kunya, ko yanke ƙaunar da ke cewa babu amfani. A gwajin Filadelfiya an sa ma'aikata na musamman masu bin majinyata da waya da wasiƙa don kada a rasa inda suke. Tun zama na farko a karɓi lambarsa da ta mutum biyu da ya yarda a kira, kuma ranar da bai zo ba a kira shi a ranar, da murya ta tambayar lafiya wadda babu zargi a cikinta. Makonnin farko bayan sallama daga gadon asibiti suna cikin lokutan da haɗari ya fi yawa, don haka zama na farko bayan sallama kada ya wuce mako guda.

Ko inda babu ƙwararren da zai yi zama goma, bibiya kaɗai tana da tasiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan a Brazil da Indiya da Sri Lanka da Iran da Sin, da mutum 1,867 da suka yi yunƙuri, inda aka yi wa rukuni ɗaya bayani na sa'a ɗaya kafin sallama sa'annan aka riƙa tuntuɓar su ta waya ko ziyara har wata 18. A sakamakon da aka wallafa a 2008, waɗanda suka mutu ta hanyar kashe kai a rukunin da aka bibiya kashi 0.2 ne cikin 100, a ɗaya rukunin kuma kashi 2.2. Ga wanda ya kammala jinyar, a sa ranar dawowa bayan wata ɗaya, sa'annan bayan wata uku, a duba ko lambobin da ke cikin tsarin tsira suna aiki, ko mutanen da aka rubuta suna nan, da kuma ko maganin feshin da aka kai gidan ɗan uwa ya dawo gida da shigowar damina.